Wane ne Sayyid Darwish?

Tambaya: Malam, a nan Omdurman na sha jin dattawa suna ambaton Sayyid Darwish idan ana hirar waƙa. Don Allah wane ne shi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, Sayyid Darwish mawaƙin Masar ne, an haife shi a Iskandariyya a 1892. Ya fara da karatun addini, sannan ya yi aikin gini don ciyar da iyalinsa, yana rera wa abokan aikinsa waƙa suna ɗora tubali. Daga baya ya bi 'yan wasan kwaikwayo zuwa Sham, inda ya ƙara gogewa a kiɗa.

Da ya koma Alƙahira, sai ya shiga tsara kiɗan wasannin dandamali, ciki har da na ƙungiyar ɗan wasan barkwanci Najib al-Rihani. A ganina, babbar gudummawarsa ita ce yadda ya fito da waƙa daga fada zuwa kan titi, ya sa 'yan dako da 'yan garuwa suka yi magana da bakinsu a dandamali. Ya rasu a 1923 yana da shekara 31. Wani karin waƙa da ya tsara ne Masar ta mayar taken ƙasarta a 1979.