Bashin ƙananan bankuna zai fitar da manomi daga talauci?

Malam, ka tambaya ko bashin ƙananan bankuna zai fitar da mutanen ƙauyenku daga talauci. Yana amfanar mai sana'ar da kuɗi ke juyawa kullum, kamar mai ƙuli-ƙuli ko mai tuyar ƙosai. Manomi kuwa sai ya yi hattara.

Matsalar tana wurin lokacin biya. Tsarin da bankin Grameen na Bangladash ya yaɗa biyan mako-mako ne, alhali gero sai ya yi kusan wata uku a gona. Wanda ya ci bashin taki a watan Yuni, kafin kaka ya sayar da akuyarsa don ya biya. Ku dage a rubuta cewa biya sai bayan girbi.

Sannan ku lissafa kuɗin ruwa da kanku. Naira 100,000 a kan kashi 5 duk wata, tsawon wata shida, ruwansa 30,000 ne idan kan cikakken bashin ake lissafi, amma 17,500 idan ana biyan uwar kuɗin daidai-wa-daida duk wata, ana lissafin ruwan kan abin da ya rage. Ku tambayi wanne ake nufi, da nawa ake cirewa na fom kafin kuɗi ya shigo hannu.