Amsa: Hasumiyar kallon tsuntsaye a fadama

Malam, ka tambaya ko ginin bulo da siminti zai yi wa hasumiyar kallon tsuntsaye a wuri irin Dagona, cikin fadamar Haɗejia zuwa Nguru. Gaskiya ban ba ka shawara ba. Ƙasar fadama laka ce, tana kumbura da damina, ta tsage da rani, gini mai nauyi sai ya dare. Sannan zai tare wa ruwa hanya.

A ɗora ta kan ginshiƙai, daɓen ya wuce inda ambaliya ke kaiwa a watan Satumba. Masunta sun san wurin, su za a tambaya. Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, amma don Allah kar a sare bishiyoyin giginya masu rai. Rufin kuma ciyawa, domin ƙyallin kwano yana korar tsuntsu. Tagogi su zama sirara, a kare hanyar shiga da zana, kar agwagin ruwa su hango mutum.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Tsuntsayen da ke ƙaurowa daga Turai suna nan daga Nuwamba zuwa Maris, a bari su tafi kafin a fara buga guduma.