Kai kukan zaizayar bakin teku gaban majalisar Legas

Malam, in na fahimce ka kuna zaune wajen Ajah, teku na ta cin gaɓa, masu haƙar yashi na ƙara dagula abin, kana tambayar ya talakawa za su sa majalisar jiha ta yi doka.

Ku fara da ɗan majalisar mazaɓarku, 'yan majalisar su 40 ne a Alausa, inda ginin majalisar yake. Ku haɗa kai da masunta da baale, wato mai unguwa, ku rubuta takardar koke da sa hannun jama'a da hotunan gaɓar masu kwanan wata, ku kai ofishin ɗan majalisar, kwafi ɗaya kuma ga kwamitin muhalli, sannan duk ranar da aka kira jin ra'ayin jama'a kan ƙudiri ku je da yawanku, don Allah kar ku tsaya a Facebook kawai.

Inda ake yawan kuskure shi ne neman abin da ba hurumin jiha ba ne. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta ce hanyoyin ruwa na cikin gida suna hannun NIWA, hukumar tarayya mai kula da su, ba jiha ba. Shara da robobi kam jiha na da iko, ai a 2024 ɗin Legas ta hana robar takeaway ta soso. Kafin ku rubuta komai ku samu lauya masanin dokar muhalli ya tace muku buƙatun.