Zauren Malamai: Yara 96 a aji, bulala kuma ta daina aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni sabuwar malama ce, bara na gama NCE aka ɗauke ni aiki a wata firamare a cikin birnin Kano. An ba ni aji huɗu, yara 96 a rajista, wasu a benci wasu a ƙasa. Daga shigata har a kaɗa ƙararrawa ba abin da nake faɗi sai "ku yi shiru", har muryata ta dishe. Da farko lallashi nake yi, abokan aiki suka ce yaran za su raina ni. Sai na sa monita yana rubuta sunayen masu surutu ina zane su. Aka yi sati biyu lafiya, yanzu ko gezau, wasu ma miƙo hannu suke yi suna dariya. Ina mafita?

Daga wata malama, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da ƙoƙari. Ki fara cire wa ranki cewa ke ce kika gaza. Manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ke kuwa aji kusan uku aka haɗa miki a ɗaki guda. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma, amma tunda gobe da safe ke za ki shiga ajin ba hukuma ba, bari mu yi maganar abin da ke hannunki.

Gobe ki karɓe takardar nan daga hannun monita. Ni na fara koyarwa a 1976, shekarar da aka buɗe shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka yi mana ambaliya, kuma na yi irin wannan kuskuren. Na naɗa wani dogon yaro monita, kullum sai ya kawo mini sunaye goma, kullum kuma kusan su ne dai. Sai da zango ya kusa ƙarewa na gano cewa duk mai kuɗin tara da zai saya masa ƙosai ba ya shiga takarda. 'Ya'yan marasa hali na yi ta zanewa. Har yau in na tuna sai na ji kunya. Aikin monita ya goge allo, ya ɗauko alli, ya tattara littattafai. Hukunci ba nasa ba ne.

Sai ki tambayi kanki, daga ina surutun yake tasowa? Ina kyautata zaton daga bayan aji ne. Yaron da ke jikin bango ba ya ganin allo sosai, ba ya jin muryarki, wataƙila ma ba shi da fensir. Minti 35 yana zaune ba abin yi, to me kike so ya yi in ba tsokanar na kusa da shi ba? Yawancin abin da muke kira rashin ji, zaman banza ne kawai. Don haka kada ki dasa kanki a gaban allo. Ki buɗe hanya a tsakiyar aji, ko da ta faɗin ƙafa biyu ce, ki riƙa kaiwa har bango kina bayani. Tsayuwarki kusa da mai surutu, ba tare da kin ce masa uffan ba, ta fi tsawa daga nesa. Duk ranar Litinin ki juya zama, na baya su dawo gaba. A nan ne ma za ki gano mai matsalar ido ko kunne. Na taɓa samun yarinya da malamai suka yi wa laƙabin daƙiƙiya, ashe rubutun allo ne ba ta gani.

Mu duba makarantar allo, domin ta daɗe da warware wannan. Alaramma ɗaya na iya riƙe almajirai masu yawa, saboda manya su ne ke biya wa ƙanana karatu, shi kuma yana zagayawa. Ki raba ajinki rukuni 12, yara takwas takwas, kowane rukuni da sunansa da jagoransa, kina sauya jagoran lokaci lokaci. Ga wata dabara: fitinannen da ya fi damunki, ki ba shi jagoranci. Yaron da ke son a kalle shi, in an ba shi hanyar halal sai ya bi ta.

Minti biyar na farko su ne darasin. Kafin ki buɗe rajista ki rubuta aiki a allo, ko lissafi uku ne ko jimla biyu, su kama yi ke kuma kina kiran suna. Ki kuma daina gasar murya da yara 96, ba za ki ci ba. Ku yi alama da su: in kin tafa sau biyu, su tafa sau uku, kowa ya rufe baki ya dube ki. Sati guda za ki yi kuna maimaitawa kamar wasa. Bayan tafin kada ki ce komai sai an yi tsit, ko da za ki tsaya minti guda kina kallonsu. Ki haddace sunayensu kuma. "Kai, mai jan wando!" ba ya tsayar da kowa.

Batun duka. Na san za a ce miki icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, amma tanƙwarawa aka ce. Ke da kanki kin ga yadda bulalar yau da gobe take ƙarewa: jiki ya saba, tsoro ya tafi, sai dai ki ƙara ƙarfin hannu, daga nan kuma sai tsautsayi. Tsumagiya ta sami ido, kin shiga uku, ga iyaye ga dokar kare haƙƙin yara wadda ta hana azabtar da yaro ko wulaƙanta shi. Tsallen kwaɗo da durƙuso a rana ma ban yarda da su ba. Mu tuna Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba.

Ba cewa nake a bar laifi ba hukunci ba. Ku kafa doka huɗu kacal tare da yaran, a rubuta a manna a bango, kowa ya san abin da zai biyo baya. Laifin farko gargaɗi da suna. Na biyu sauya wurin zama. Na uku ya tsaya minti biyar lokacin tara ku yi magana ku biyu, ba a gaban abokansa ba, kuma ki bar shi ya ci abincinsa. Wanda ya zubar da shara shi zai share. Abin da kika ce za ki yi, ki yi shi, ko ɗan hedimasta ne. Faɗa mai jini, sata da cin zali, waɗannan na ofis ne, a kira iyaye.

In kin kira uba, ki fara da alherin ɗansa kafin ƙara, in ba haka ba a gabanki zai cire takalmi. Sau da yawa a nan za ki ji cewa yarinyar da ke gyangyaɗi a aji talla take yi har bayan isha'i.

Muryar kuma, ruwan ɗumi da citta da ɗan zuma, ki rage magana kwana biyu. In dishewar ta wuce sati biyu ki je asibiti. Ki sake rubuto mini bayan jarrabawar zango, ina son jin wa kika naɗa jagoran rukunin baya.