An tsare mini raguna a bakin iyaka, in kai ƙara ne?

Tambaya: Barista, ni falke ne, ina saro dabbobi a kasuwannin Nijar ina kawowa Jigawa da Kano. A makon jiya jami'ai suka tsayar da motata a bakin iyaka, cike da raguna da 'yan shanu, suka ce sai na kawo takardar lafiyar dabbobi da izinin shigowa da su. Ba ni da komai sai rasit ɗin kasuwa. Ni dai na san dabbobi ba sa biyan kuɗin fito a tsarin ECOWAS. Yanzu kullum ina sayen dusa da harawa, biyu daga cikin ragunan har sun fara zawo. Suna da hurumin riƙe mini dukiya? In garzaya kotu?

Amsa: Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Maganarka ta kuɗin fito gaskiya ce, amma ba a kanta aka tsare ka ba. Tsarin sassauta kasuwanci na ECOWAS, wanda ya fara da amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu tun 1979, haraji ya ɗauke maka. Bai ɗauke maka binciken lafiya ba. Yarjejeniyar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya ta 1995 ta bar wa kowace ƙasa ikon kare lafiyar mutane da dabbobi da tsirrai, muddin matakin yana da hujjar kimiyya, kuma ba fakewa aka yi da shi don a toshe kasuwa ba. Yarjejeniyar kasuwancin bai ɗaya ta Afirka ma a kan haka ta tafi.

Shi ma rangwamen harajin kada ka jingina da shi da yawa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu, 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar kayansu a kan tsohon tsari kafin a daidaita, wato alfarma ce ta wucin gadi.

A Najeriya, aikin duba dabbobi da tsirrai a mashigar ƙasa na hukumar killace dabbobi da tsirrai ta tarayya ne, wato NAQS, bisa dokarta ta 2017, tare da dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 2022. Takardu biyu ake nema: izinin shigowa, wanda ake karɓa kafin dabba ta taso, da shaidar likitan dabbobi na gwamnatin ƙasar da ta fito. Rasit ɗin kasuwa ya nuna dabbar taka ce, bai nuna lafiyarta ba. Idan kana da takardar ƙetare iyaka irin ta makiyaya da ECOWAS ta fito da ita a 1998, ita ma ba za ta yi ba, don ta masu tafiya kiwo su dawo ce, ba ta mai kai wa kara ba.

To suna da hurumi? Suna da shi. Sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a ƙwace dukiyar mutum ba diyya, amma ƙaramin sashe na 2 ya keɓe dukiyar da ke da haɗari ga lafiyar mutane ko dabbobi ko tsirrai, ya kuma yarda a riƙe kaya na ɗan lokaci don bincike. Ragunan nan biyu masu zawo, a gaban alƙali, hujjar jami'ai ce ba taka ba. Kuma tsoron ba na banza ba ne. Dattawan kara suna tuna yadda cutar bushiya ta share garake a 1983. A 2023 cutar saifa ta ɓulla a arewacin Gana, ba a jima ba aka tabbatar da ita a Suleja. Mota ɗaya mai ɗauke da cutar ɓoru ko ciwon huhu ta isa ta ɓata kasuwa irin ta Maigatari ko Wudil.

Sai dai hurumin yana da iyaka. Riƙewa don bincike daban, ƙwacewa daban, kuma ba a yarda a ajiye dabba tana ramewa ba ranar sallama ba. Saboda haka gobe da safe ka nemi takarda a rubuce mai ɗauke da sunan hukumar da ta tsare, da dalili, da adadin dabbobin, da kwanan wata. Wannan ya fi komai muhimmanci, don a bakin iyaka ga kwastan ga masu duba lafiya ga jami'an tsaro, in ba takarda kowa zai ce ba shi ba ne. Ka ɗauki hoton kowace dabba da wayarka. Ka ware marasa lafiyar. Sannan ka rubuta wa shugaban ofishin kana neman likitansu ya duba, a killace, a yi gwaji da rigakafi da kuɗinka, a sallami masu lafiya. Duk abin da za ka biya, ka biya ta hanyar gwamnati ka karɓi rasit. Wanda ya ce kawo na goro a wuce wurin, ka sani doka tana kama mai bayarwa kamar yadda take kama mai karɓa, kuma shingen gaba zai sake tsare ka ba takarda.

In sun ƙi, ka nemi a bar ka ka mayar da dabbobin inda suka fito. Kafin ka zaɓi wannan, bincika ko ka fito da su ne a lokacin da Nijar ta hana fitar da dabbobi, kamar yadda ta yi gab da babbar sallar 2025. In haka ne, komawa na iya jawo maka wata tsarewar a can.

Kotu ita ce ta ƙarshe a shawarata. Ƙara a kan hukumar tarayya ko harkar kwastan Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, bisa sashe na 251, ba kotun majistare ko ta shari'a ba. Wasu hukumomin dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa kafin a shigar da ƙara, kuma dokar kare ma'aikatan gwamnati ta sa wa'adin wata 3 na shigar da ƙara, don haka kada ka yi sakaci da lissafin kwanaki. Amma rago ba ya jiran zaman kotu, kafin a saurare ka kuɗin dusa ya cinye ribar. Inda ƙara take da ƙarfi shi ne idan aka sayar ko aka yanka dabbobinka ba gwaji ba takarda, ko gwaji ya nuna lafiya lau amma aka ƙi saki. A nan za ka nemi umarnin saki da diyya, kuma hotuna da rasit ɗin da ka tara su ne shaidarka.

Tafiya ta gaba, ku haɗu ta ƙungiyarku ta 'yan kara ku nemi izinin tun kuna gida, likitan gwamnati ya duba a kasuwar da kuka saya, ku bi mashiga mai ofishi kamar Jibiya ko Illela ko Maigatari, ba ɓarauniyar hanya ba. In akwai buhunan wake ko albasa a motar, su ma suna da tasu takardar lafiyar tsirrai.