Yadda ake auna kabon a itatuwa da ƙasar gona

Ɗan'uwa, ka ce kana da fili a wajen Shika da ɗorawa, mangwaro da darbejiya, kana son sanin yawan kabon ɗin da suka tara, wato sinadarin da itatuwa ke zuƙa daga iskar CO2 su adana a jikinsu. To ba abu ne mai wuya ba, sai dai haƙuri.

Fara da itatuwan. Ka ɗauko tef ka zagaya gindin kowace bishiya a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wajen ƙirjinka kenan, ka raba abin da ka samu da 3.14 ya ba ka faɗinta, ka rubuta tsayinta da irinta. Da waɗannan ake lissafa nauyin busasshen itacen, kusan rabinsa kabon ne, in kuma iskar CO2 kake nema sai ka ninka kabon ɗin da 3.67. Kar ka yi wa kowace bishiya lissafi ɗaya, misali bishiyar kuka girma ne kawai, jikinta ruwa ne da laushi, ba ta kai ɗorawa nauyi ba ko kusa.

Ƙasa ce inda mutane suka fi tafka kuskure, sai mutum ya ɗebi ta sama a wuri guda, ƙila ma inda shanu suka kwana, ya ce ya gama. Ka haƙa zuwa santimita 30 a wurare daban-daban, ka cire tsakuwa da saiwoyi, ka shanya a inuwa.

Gwajin kam ba na gida ba ne, ka kai sashen kimiyyar ƙasa na ABU a Samaru, ka ce su auna har da nauyin ƙasar, don in babu shi lissafin hekta ba zai fito ba.