Nauyin ɗana ya tsaya, in yi masa ɗura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Daga Tawa nake rubuto miki. Ɗana watansa 14, awo uku ke nan yana kan kilo 8. Malamar awo a CSI, wato ƙaramin asibiti, ta tsare ni da tambayoyi, me ya ci jiya, sau nawa, wa ya ba shi, har na ji kamar tuhumata take. Uwar mijina kuma ta ce sakacina ne, in riƙa yi masa ɗura yadda ta yi wa nata 'ya'yan. Wallahi barci ya gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Hankalinki bai tashi a banza ba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, matsakaicin nauyin ɗa namiji mai wata 14 ya kai wajen kilo 10, to kilo 8 yana bakin iyakar ƙarancin nauyi. Abin da ya fi damuna ma shi ne tsayawar layin a katin awo.

Malamar nan aikinta take yi. Sikeli nauyi kawai yake nunawa, dalilin kuwa sai an tambaya. Ana so yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya samu aƙalla rukuni 5 cikin rukunonin abinci 8 a yini, nonon uwa na ciki, kuma mai shekarun naki da ke shan nono ya ci sau 3 ko fiye. Kunun gero safe, rana da dare rukuni ɗaya ne, ko tukunya ya shanye. Tambayar wa ya ba shi kuma, salon ciyarwar ake nema. Akwai takardar tambayoyi da Leann Birch da abokan aikinta suka fitar a Amurka a 2001, mai auna yadda iyaye ke matsa wa yaro ya ci ko su hana shi. An sha ganin matsi da ƙarancin nauyi suna tafiya tare: yaro ya rame uwa ta matsa, ta matsa yaro ya ƙara ƙin abinci.

Maganar ɗura kuwa, don Allah kada ki yi. Na gaji da ganin abin da take jawowa. Ki tuna yadda ake yinta: a kwantar da yaro a kan ƙafafu, a danne hannuwansa, a tara tafi a bakinsa, a toshe masa hanci, a kwararo kunu. Yaron da aka toshe wa hanci numfashi yake nema da baki, kuka yake yi, maƙogwaron iska a buɗe. Kunun nan ina zai bi? Wani ya sauka ciki, wani ya faɗa huhu. Bayan kwana biyu sai zazzaɓi da tari, haƙarƙari na shiga yana fita, a kawo mana shi da dare ana cewa sanyi ne ko iska. Sai na duba rigarsa na ga busasshen kunu a wuya, na tambaya a hankali, uwa ta sunkuyar da kai. Akwai wanda ba ya ma kaiwa asibiti, a kan ƙafar mai ɗurar yake shaƙewa.

Kuma ko ta wuce lafiya, me aka ɗura? Kunun ɗura dole a tsinka shi da ruwa don ya gudana. Cikin yaro mai kilo 8 bai wuce kofi ɗaya ba, kamar mililita 240. An cika shi da ruwan gero, ciki ya yi tsiri, an ce ya ƙoshi, nonon ma ya rage sha. Gobe yana hango ludayi zai fara ihu. Na san Inna, uwar mijinki, da ƙauna take faɗa, kuma nata sun rayu, amma ba a lissafa waɗanda ɗura ta kai ƙasa, an ce kwana ne ya ƙare. Ki je da ita awo na gaba ta ji daga bakin malamar, ya fi ki tsaya musu da surukarki. Masu yawo da magani a tire suna sayar da na "buɗe ciki" su ma ki rabu da su, wasu ƙwayoyin kumbura fuska kawai suke yi.

Ki dama kunu da kauri, wanda ba ya zuba daga cokali. Ki sa garin ƙuli-ƙuli ko na wake da ɗan mai, wata rana ƙwai, hanta, zogale ko kabewa. Ki ware masa kwanonsa, don a kwanon taro yayyensa za su riga shi. Ki zauna gabansa kina masa magana, ya kau da kai ki dakata, ki sake gwadawa anjima. Nono kada ki yaye shi yanzu.

Kada ki jira watan gobe. Ki koma CSI cikin satin nan a auna damtsensa, a duba maleriya da ƙarancin jini. In zaren awon damtsen ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, za a sa shi a Plumpy'Nut, abincin gyaɗa na maganin tamowa. In kuma kin danna bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa 3 gurbin yatsa ya zauna, ko ya ƙi nono gaba ɗaya, ranar za ki kai shi, ana iya kwantar da shi a CRENI, sashen asibiti na masu tamowa mai tsanani.